Ranar da Na Mayar da Aska Cikin Zabira a Araba

Zuwa ga Alhaji mai kemis na bakin kasuwa, Illela.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali.

Ni wanzami ne, ɗan wanzami. Shekara talatin da ɗoriya ina riƙe da aska, ban taɓa zub da jinin da ba a sa ni ba. Ka san ni sarai, ba sai na faɗi suna ba.

Na ɗaya. Ran Lahadi asma ta taso mini cikin kasuwa, na shigo shagonka, na nuna maka farin abin shaƙar da ƙanena ya kawo mini daga Ƙonni, rubutunsa duk Faransanci. Ka jujjuya shi, ka ce na Nijar daban ne. Ka ba ni shuɗi namu na nan da ƙwayoyi, ka ce in haɗa. Na haɗa, don na yarda da kai.

Na biyu. Ran Talata da safe ina garin Araba wurin askin suna. An ɗora mini jinjiri, sai zuciyata ta kama bugu kamar ana daka, yatsuna suna rawa. Na dubi maɗigar yaron, na dubi hannuna. A gaban dangi duka na mayar da aska cikin zabira, na ce a nemo wani. Wallahi na ji kunya ranar, amma yau ina alfahari da abin da na yi. A asibiti likita ya jera magungunan ukun, ya ce magani guda ne, kwali kawai ya bambanta, na sha fiye da ƙima.

Na uku, wanda ya fi ci mini rai. Ka zauna a majalisa ka ce tsufa ne ya kama ni. Tsufan mi, Alhaji? Yanzu gidaje biyu a Tozai, waɗanda muke wa aski tun zamanin kakana, sun kai goron suna wurin wani.

Ba diyya nake nema ba. Abin da ba ka iya karantawa, ka ce ba ka iya ba. Sannan ka koma majalisar nan ka faɗi gaskiya da bakinka. Allah ya tsare ka da irin wannan kuskure, ya albarkaci sana'arka.

Rawar hannuna ta tsaya cak tun da aka gyara mini magani. Matar ɗana na fari ta haihu jiya, kuma har yanzu ɗana bai iya duban idona ya ce ni zan yi askin ba.

Wassalam.

Wanzami, Illela.