Mangwaron Baba da Iskar Talata

Yaya Habibu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Rabi da yara. Yaya aiki, yaya zaman Fatakwal? Ƙafar taka ta saki kuwa? Mu nan Gazara lafiya lau, Inna ma jiki da sauƙi.

Ka tambayi dashen mangwaron aure takwas da Baba ya dasa kafin rasuwarsa. Ranar Talata bayan la'asar aka yi iskar da ban taɓa ganin irinta ba. Gabas ta yi baƙi ƙirin, rake ya kwanta kamar tabarma, kwanon rufi yana yawo a sama. Har kiran salla aka yi ta yi, ba lokacinta ba.

Tun hadari na haɗowa na ruga lambu, na ɗaure uku tamau da wayar ƙarfe a jikin turaku. Kawu Ilu, mai lambun gefenmu, ya ɗaure sauran biyar sako-sako da tsumman atamfa, yana cewa, "Ɗan boko, bar musu wurin ruku'u. Wanda ya aiko iskar nan ba a ja da shi."

Da ta lafa muka koma. Nawa ukun sun karye daidai wurin ɗaurin. Nasa biyar, da suka sunkuya har ƙasa, ga su tsaye. Na daɗe a wurin ina tasbihi.

Kuskurena ne, Yaya, ka yafe mini. Kawu ya ce ɗaya zai iya tohowa. Ka sa mu a addu'a, Allah ya jiƙan Baba. Ka gaida yara da maƙwabta. In Anti tana da tsohon zane, kada ta yar, ta aiko mana.

Ƙaninka,
Sani