Farantin da ke Saman Matakalar Baya

Saint-Malo, cikin watan Oktoba

Zuwa ga 'yata Nolwenn,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara, ya kuma sassauta muku sanyin Montreal. Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Gwiwata tana nan da halinta. Gwaggonki Annaig ta koma gida bayan aikin idon da aka yi mata, har ta fara karanta jarida tana kushe duk abin da ke ciki, alamar ta warke ke nan.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya shafi gidan Kerlan na bakin teku, wanda muke kama haya duk watan Agusta. Wataƙila ba ki taɓa lura da yadda ake sallamar ma'aikatansa ranar tafiya ba, tunda marigayiya matata Rozenn ce ke tsara komai. Ambulan ɗaya na Marivon mai girki ne, a miƙa mata a kicin, ba a gaban jama'a ba. Ɗaya na Jobic mai lambu, tare da kwalbar giyar tuffa. Sannan duk wanda ya kwana a gidan, babba da yaro, ya hau matakalar baya, ya ajiye sulalla a tsohon farantin da ke samanta, ya ce da murya an gode, a huta. Wannan tukuicin na mai gyaran ɗakuna ne. Ba wanda ya taɓa haɗuwa da ita a cikinmu. Rozenn takan ce kunya ce da ita, mu kuma ba mu bincika ba.

Bana, da babu Rozenn, ƙanenki Erwan ya karɓi wannan hidima. Ya aika wa Marivon da Jobic nasu ta waya, kuma bai yi ƙwauro ba. Da na tuna masa da farantin, sai ya yi dariya, ya ce haba Kawu, a wannan zamanin ko fatalwa ce ai sai ta buɗe asusun banki, ta ba shi lamba ya tura mata. Jirginku na jira, aka shiga mota. Na ga Marivon a bakin ƙofa tana goge hannu, ba ta ɗaga mana hannu ba kamar yadda ta saba. Ta dai leƙo ta tagar motar ta ce wa Erwan, ɗan birni, ya sauka lafiya da duk abin da ya ɗauko.

Da suka koma gidansu na Rennes, Erwan da matarsa Solen suka riƙa tarar da gadonsu a gyare kowace safiya, an ja zanin gado an cusa kusurwoyinsa irin yadda ake yi a Kerlan. Solen ta zaci mijinta ne ya shiryu, har ta tsokane shi wai wace ce ta koya masa, ta je ta yi mata godiya. Shi kuma ya zaci ita ce ke goge masa takalma. Sai da suka gode wa juna a kan aiki ɗaya, dariyar ta tsaya. Ɗakunan suka soma warin sabulun dā da danshin teku. Sannan abin ya kai ga jaririyarsu Katell. Wata rana da tsakar rana Solen ta bar ta tana kuka a gadonta, ta sauka karɓar saƙo a hannun ma'aikacin gidan waya. Tana ƙasa ta ji kukan ya yanke. Da ta hau, ta tarar an canza wa yarinyar tufa, an naɗe ta tsaf cikin wani farin zane wanda ba nasu ba ne. Tun daga ranar Katell ba ta yarda uwarta ta ɗauke ta. Takan banƙare, ta miƙa hannuwa wajen ƙofa inda babu kowa, tana murmushi. Solen ta gudu da ita gidan mahaifiyarta a Vannes. Washegari can ma aka tarar da gado a gyare.

Na je da kaina na sami Marivon. Ta zaunar da ni, ta zuba mini kofi, ta ce tun zamanin kakarta ba a ɗauki mai gyaran ɗakuna a gidan ba, kuma ita da wannan ƙugun nata muna zaton ita ke hawa sama kullum? Sulallan, in ji ta, coci take kai su a kunna kyandir. Ta ce ba kuɗin ne abin ba: ajiye su da faɗin a huta shi ne shaidar aiki ya ƙare. Wadda ba a sallama ba kuwa ba ta da ikon ajiye aiki, dole ta bi iyayen gidanta. Ta ƙara da cewa kafin gyaran ɗakuna, raino ne aikin matar, kuma ba ta iya raba yaro da kowa ba.

Erwan ya garzaya Kerlan shi kaɗai ya cika farantin da takardun kuɗi. Marivon ta ce masa sannu mai arziki, sai dai ba shi kaɗai aka yi wa shimfiɗa ba. Duk wanda ya kwana bana sai ya sa da hannunsa, ya faɗa da bakinsa. Babu abin da ya canza. A makon jiya Katell ta yi kalmarta ta farko, ba mama ba ce, ba baba ba. Wani suna ne na mace, wanda babu mai shi a danginmu. Da na maimaita wa Marivon shi ta waya, sai ta ce mu yi sauri.

Mai gidan ya yarda a buɗe mana shi a hutun Ranar Tsarkaka, farkon Nuwamba. Na faɗa wa Marivon cewa ke kina nesa, akwai teku a tsakani. Ta ce in hannu ɗaya ya rage, to can mai gyaran ɗakunan za ta nufa, kuma kada mu dogara da teku, domin daga cikinsa ta fito ta koma bakin aikinta.

Saboda haka, a matsayina na babba a wannan gida, ina roƙon haɗin kanku duka, ba tare da gardama ko raha ba. Ki zo, ke da maigidanki da yaran, kowa da sulensa a hannu, mu hau matakalar nan ɗaya bayan ɗaya, domin Solen ta sake rungumar 'yarta.

Ki gaishe mini da maigidanki Tangi, da Maël da ƙaramarsu Azenor. Annaig da Erwan suna gaishe ki. Solen ma ta ce a gaishe ki, ta ce tana jiranki.

Kawunki mai ƙaunarki,
Armel