Akwatin da Baba ya ƙera wa kansa

Salama a gare ku 'yan gidan nan. Admin, a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya ɗau zafi, ga lokaci ya ƙure.

Babanmu ya rasu satin da ya wuce, gawarsa na mutuware, ranar Asabar za a binne shi. Kafinta ne a Bwari, kuma dikin ne, wato mai hidima, a cocinmu tun ina goye. Mutum ne da ba ya taɓa zarto sai ya yi addu'a, kuma idan talaka ya mutu a ikilisiya ba a roƙonsa, da kansa zai ƙera akwatin gawa ya kai gidan, ya zauna a yi makoki da shi. Duk bencinan cocin shi ya yi su. Da aka kawo kujerun roba aka jibge tsofaffin bencinan a bayan coci ruwa na dukansu, sai ya kwashi guda biyu ya kai shagonsa. Da katakonsu ya ƙera akwatin kansa. Ba fenti, ba ado, har ramukan tsofaffin ƙusoshi ana gani. Ni na riƙe masa tef yana auna tsayinsa, ina yi masa faɗa yana dariya. Ya ce min, “Uwata, a kan katakon nan na ji Maganar Allah, a cikinsa zan jira Ubangijina.” Na yi masa alkawari.

To ga yayana, mu biyu ne kaɗai wurin iyayenmu. Yana zaune a Lugbe, ma'aikacin gwamnati ne. Da ya ga akwatin sai ya ce sam, wai ogansa da mutanen ofis za su zo, za a ce mun binne ubanmu a cikin benci. Har ya sa an kawo wani fari mai hannayen zinariya, cikinsa kamar gadon amarya. Na tuna masa wasiyyar Baba, ya ce shi bai ji da kunnensa ba, wato ƙarya nake yi ke nan. Abin ya ƙona min rai ƙwarai.

Ba zan zalunce shi ba dai. Muna yara ana tsokanarsa da ɗan mai akwatin gawa, har yau abin na cinsa. Kuma duk abin da ya saya wa Baba, takalmi ne ko shadda, kafin wata ya ƙare sai ka gan shi a jikin wani a coci. Ya ce min yana hawaye, “Ko sau ɗaya ne ki bar ni in ba shi abin da ba zai iya kyautarwa ba.”

Na je wurin fasto, ya ce magana ce ta iyali, mu yi addu'a. Kawunnanmu duk sun bi bayan Yaya, dama wanda ya kawo buhun shinkafa shi ke da gaskiya. Mama kuwa ta ce ita dai kada mu yi faɗa a kan gawar mijinta. Yaya ya ce idan aka sa Baba a wancan akwatin ƙafarsa ba za ta taka jana'izar ba, kuma in manta ina da ɗan'uwa. Na san halinsa, zai aikata.

Yau da safe ya kira ni, wai in ba da makullin shagon, masu girkin baƙi sun ce itace bai isa ba, za a faskara akwatin a haɗa. Makullin na cikin jakata, na kashe wayata.

Jama'a ku faɗa min gaskiya. In saɓa wa mamacin da ba zai iya tashi ya kare kansa ba, ko in rasa ɗan'uwa ɗaya tilo da nake da shi? In kuma na miƙa makullin, ta yaya zan ɗibi shinkafar nan in kai bakina?