Na Kawo Saƙon Baba Har Gamkalle

Yamai, daren Alhamis, kaka ta biyu bayan samun 'yanci

Kwana huɗu daga Dogondutsi a kan keke, yau na iso. Cinyoyina kamar ba nawa ba, amma murna ta hana ni kwanciya. Da safe na baro inuwar giginyu, na hau tudun jan tsakuwa, rana tana dukana. Wajen la'asar hanya ta gangara, sai ga kogi shimfiɗe a gabana. Na sauka ina dariya ni kaɗai.

A unguwar Gamkalle na tarar da Yaya Idi cikin garka yana ban ruwan ganyen salati. Shekara bakwai ke nan da suka yi faɗa da Baba ya bar gida, duk hanya ina tsoron ya juya mini baya. Keken ya ƙura wa ido.

"Wannan ai na Baba ne. Ya bari ka taɓa shi?"

"Shi ya ba ni, Yaya. Ya ce hatsi ya nuna, ka zo gida."

Ya ajiye bokiti, ya daɗe yana shafa sirdin. Sannan ya ce, "Ran Asabar za mu tashi. Ni zan tuƙa, kai ka hau baya."