Resor na Motar Matan Kwari

Gure, farkon watan Afrilu

Zuwa ga maigidana, Baban Nasira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka na garajin soja a Difa. Yaya zafi, yaya gajiya? Mu nan lafiya lau. Inna tana gaishe ka, ƙafar tata ta yi sauƙi. Nasira ta ce in gaya maka ita ce ta biyu a ajinsu. Na rubuto ne saboda rezon wayarku ba ya barin a yi doguwar magana a waya, tawa kuwa doguwa ce.

Zancen motar ƙungiya ne, kat-kat ɗin nan mai shiga rairayi da ka zaɓar mana lokacin da mu matan kwari muka gaji da jiran motocin mutane su ɗauko mana dabino da kanwa. Injinta yana nan yadda ka san shi. Bayanta ne ya gaza. Da an ɗora mata buhuna sai ta zauna, hancinta ya ɗaga sama. A babban tudun rairayin nan na hanyar kwari, sai mun sauke rabin kaya mun haura da shi a ka, don gindinta sharar ƙasa yake yi. Ƴan tasha sun sa mata suna Mai Gaisuwa, wai kullum a durƙushe take kamar wadda ta haɗu da surukinta. Ina dariya tare da su, amma abin yana ƙona mini rai.

Tahiru makanisiye ya duba, ya ce resor ɗin baya ne suka gaji, murɗaɗɗun ƙarafan nan biyu da jikin mota yake zaune a kansu. Ƙanena Fannami, wanda yake tuƙa ta, ya ce a cusa roba a ƙarƙashinsu kawai. Tahiru ya ce roba za ta ɗaga ta, amma ba za ta ɗauki nauyi ba. Mata sun ce tunda ni ce shugaba, kuma mijina aikinsa ke nan, in yanke. Dabino zai nuna kafin ruwan fari, kuma ka san in ruwa ya same shi a kwari ya lalace.

Ka gaya mini wane iri zan saya. Allah ya tsare mini kai.

Taka,
Balkisa

Gure, watan Mayu

Zuwa ga maigidana, Baban Nasira,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarka. Takardarka ta iso, na karanta ta har na kusa haddace ta. Kowa a gida lafiya.

Ka ce in sayi irin nata na asali sak, kada in ƙara kada in rage, don wanda ya ƙera mota ya fi kowa saninta. Baban Nasira, ka yi haƙuri, ban sayi irinsu ba. Ka saurare ni kafin ranka ya ɓaci.

Motar da ka sani ba ita ce motar yanzu ba. Bayan tafiyarka mun sa mata ragar ƙarfe a sama, da tankin ruwa a baya, da ƙafa ta biyu ta ajiya, da benci, da faifan ƙarfen da ake shimfiɗa mata in ta kafe. Waɗannan ba sa sauka daga kanta ko ranar salla. Na sa Fannami ya kwance su, muka kai sikelin masu kanwa muka auna ɗaya bayan ɗaya. Sun kusa kilo ɗari huɗu, tun ba a ɗora buhu ko guda ba. Sai na ga in na sayo na asali, sabbi ne za su fara aiki da kayan da ya kashe tsofaffin.

Muka tafi Damagaram ni da Tahiru da Fannami. Mai shagon, ana ce masa Ɗan Kasuwa, ya jera mana iri uku a kan tabarma. Akwai na asali. Akwai wasu dogaye masu jan fenti, sirara, waɗanda ya ce suna ɗaga mota ta yi tsayi ƙwarai. Idon Fannami bai bar kansu ba. Na ukun ba su kai su tsawo ba, baƙaƙe ne, ƙarfensu ya fi babban yatsana kauri.

Na ce da Ɗan Kasuwa, "Malam, ni ba tsayi na zo saya ba. Wanne ne zai kwana da nauyi ya tashi da nauyi, shekara ta zagayo yana nan?"

Ya ce baƙaƙen an yi su ne don motar da ba ta rabuwa da kaya, amma in babu kaya suna da tauri. Ban tsaya a maganarsa ba. Na je tashar da kat-kat suke lodi, na bi su ta baya ina leƙawa, ina tambayar direbobi. Masu jajayen nan biyu na samu, dukansu sun ce watannin farko sun yi alfahari, daga baya mota ta koma gidan jiya. Wani dattijo mai zuwa Alakoss ya nuna mini nasa baƙaƙe, ga kaya har sama, ga mota tsaye daidai.

Baƙaƙen na saya, guda biyu tare. Tahiru ya ce tunda za ta ɗan ƙara tsayi, sai an sauya amortisar, masu tare girgiza, da tiyon birki a sa masu tsawo, aka sauya. Da aka gama, na auna daga tsakiyar ƙafa zuwa bakin jiki da igiya, na ƙulla alama na ajiye.

Ban taɓa saɓa maganarka a kan ƙarfe ba. Amma ba zan ɓoye maka ba, da muka shigo Gure na ji kaina ya yi girma.

Taka,
Balkisa

Gure, farkon watan Yuni

Baban Nasira,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Ban ji daga gare ka ba, wayarka ma ba ta shiga.

Abu ya ɗan dagule. Ɗan Kasuwa bai yi ƙarya ba, in babu kaya motar tsalle take yi kamar jaki. Ranar kasuwar Gidigir muka dawo wayam, muka faɗa rami, Iya Yabawa ta buga kai da rufi. Ka san ta fi kowa shekaru a ƙungiya, kuma bakinta ba ya ajiye magana. A taro ta miƙe ta ce, "Mijinta makanisiye ya faɗa mata abin da za ta saya, ta ƙi. Yanzu ga shi mun sayi abin karya mana ƙugu." Wasu suka ce bayan dabino a sake shugaba. Na ba ta haƙuri a kan kanta da ya kumbura. A kan resor kuwa ban ba da haƙuri ba, na ce su jira kaya.

Maganarsu ba ta hana ni cin abinci ba. Shirunka ne ya hana ni. In fushi ne, ka rubuto ka yi mini faɗa, ya fi mini.

Taka,
Balkisa

Gure, ƙarshen watan Yuni

Zuwa ga maigidana, Baban Nasira,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga ni da Inna da Nasira. Har yanzu shiru, amma ba zan iya riƙe wannan labari ba.

Dabino ya nuna gaba ɗaya, ya yi kyau irin wanda aka daɗe ba a gani ba. Muna cikin yanka sai hadari ya fara taruwa a gabas, iska ta juya. Kowa ya san abin da ke tafe. Muka loda motar da hantsi, ciki da sama, kwanduna da buhuna, sannan mata suka hau benci. Na fito da igiyata na gwada a gaban kowa. Ta sauka, amma bai wuce faɗin yatsu uku ba, kuma hancinta da bayanta suna layi ɗaya.

Da muka iso gindin babban tudu, mata suka fara naɗa gammo don sauke kaya kamar yadda aka saba. Na ce kowa ya zauna. Fannami ya dube ni, na gyaɗa masa kai. Ya rage iskar ƙafafu, ya ja baya, ya taho. Baban Nasira, da ka ji ta. Ta shiga rairayi tana gurnani, tana hawa, ni ina sauraron ƙarar gindi yana gogar ƙasa, ban ji ba. Kwandunan sama ko motsi ba su yi ba. Sai ga mu a bisa tudu, duk kwari yana ƙasanmu.

Da a da ne, sawu ɗaya yake cinye mana wuni. Ran nan muka yi ta kai da kawo har muka kwashe na kowa, har da na wasu maza biyu da motar hayarsu ta kafe. Muna rufe ƙofar sito da la'asar ruwa ya sauko.

Iya Yabawa ba ta ce ta yi kuskure ba, ka san ba za ta ce ba. Washegari ta aiko mini da ƙwarya cike da dabinon bishiyarta ta bakin rijiya, wanda ba ta sayarwa. A taro kuma da wata ta tayar da maganar sake shugaba, ita ce ta ce mata ta zauna.

Na ware maka rabonka a ƙwaryar. Don Allah ka sa wani ya kira ni.

Taka,
Balkisa

Gure, watan Yuli

Zuwa ga maigidana abin alfaharina, Baban Nasira,

Assalamu alaikum. Sannu da jiki, sannu. Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne.

Takardar da abokin aikinka Burahima ya rubuta da bakinka ta iso. Da na ga ba hannunka ba ne, sai da na zauna kafin in iya karantawa. Ashe duk lokacin da nake zaton fushi kake yi, kana kwance a gidan likita, wani inji ya zame ya danne maka hannun dama. Me ya sa ka hana a gaya mini? Wannan faɗan zan yi maka shi in ka warke.

Na ga inda ka ce ba ka san da ragar da tankin ba, kuma kana gaya wa mutanen ɗakinku cewa matarka ta auna mota a sikelin kanwa. Na karanta wa Inna wurin nan sau biyu.

Na ga kuma inda ka ce ba ka san amfanin makanisiyen da yatsunsa ba sa riƙe ƙarfe ba. Wannan ban karanta wa kowa ba. Likita ma bai yanke ba tukuna, kada ka riga shi. Ko yaya ta kasance, Tahiru ya ce kunnenka kaɗai yake so a garajinsa, don kai kana jin ciwon inji tun mota tana bakin ƙofa. Mu ma ƙungiya muna maganar mota ta biyu, kuma ni inji ban san komai a kansa ba. Kai za ka zaɓa.

Ka ce za ka biyo motar haya in an sallame ka. Ba za ka biyo ba, a matse maka hannu a cikin mutane. Mata sun ba ni motar, ni da Fannami za mu zo Difa mu ɗauke ka. Na san hanyar akwai ramuka, na kuma san halin abin da na saya. Saboda haka na sa an loda mata buhunan kanwa a baya. Ba na sayarwa ba ne, da su za mu je, da su za mu dawo. In tana ɗauke da su tafiyarta laushi gare ta, hannunka ba zai ji girgiza ba.

Ka sa Burahima ya kira ni ya faɗi ranar. Nasira ta ce da ita za a zo, na ce sai na tambaye ka.

Matarka,
Balkisa