Matakalar da Babu Ƙusa a Jikinta

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kai da Inna da yara kuna lafiya. Yaya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Ni lafiya lau nake. Tarin da ka ji a waya ƙurar aiki ce kawai. Yakan ɗan matsa mini, amma kada Inna ta ji.

Na samu aikin kafinta a wani tsohon gida da ya haura shekara ɗari. Yaya, da ma ka ga matakalarsa! Tana murɗawa har hawa uku, babu ƙusa ko ɗaya, katako ne ya riƙe katako. Shekara talatin gidan yana kulle, rufi yana yoyo, har magada suka yi niyyar rushe shi.

Wata tsohuwa ce ta cece shi, 'yar mai gadin gidan na da. Duk damina takan jera bokitai ta tare ruwa, ba wanda ya sa ta. Ta yi ta zarya a ofishin kula da kayan tarihi har aka hana rushewar. Jiya ta tarar zan cire wani ruɓaɓɓen katako, ta ce, "Ɗana, a hankali, ya girmi kakanka." Na yi dariya, amma wallahi a hankali na cire shi.

Na ji kuna shawarar rushe ɗakin marigayi Baba. Don Allah ku dakata, ku jira ni. Yanzu na iya gyara.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙaninka