Injin Wankinka da Ƙullin Zanen Inna

Zuwa ga maigidana, Baban Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda ta kamaci mace ga mijinta, ina roƙon Allah Ya sa sallamar nan ta same ka cikin ni'ima a makwancinka. Mu nan Gazawa lafiya lau muke, sai zafin bazara da kewarka. Yara suna zuwa lakol karatun boko, Inna ta samu sauƙi, ni kuma na fita takaba. Na san babu motar da ke kai wasiƙa inda kake, amma labarin nan ya cika mini ciki, kuma kai kaɗai za ka ji daɗinsa yadda ya kamata. Masu karantawa a waya su yi haƙuri, da mijina nake magana.

Injin wankinka ya tsaya, kuma na gyara shi. Ni ɗin nan da kake cewa ko murfin kwalba ya ƙi buɗuwa sai na aika a kira ka daga rumfa. Yi dariyarka ka gama, sannan ka saurare ni.

Ka tuna ranar da ka kawo shi daga Maraɗi, ɗaure a saman mota kamar ragon layya? Unguwa ta fito kallo. Wasu suka ce mai gyaran injin niƙa ya samu duniya, wasu suka ce matarsa ce ta fi ƙarfin baho. Ni da kai muka san dalili. Tun da ciwo ya shanye wa mahaifiyarka ɓarin jiki muka ɗauko ta daga Gangara, jikinta ya daina jiran a kai ta bayan gida. Zane kan zane, shimfiɗa kan shimfiɗa, kullum ta Allah. Iyakar abin da zan faɗa ke nan, don Inna mai kunya ce.

Ka kafa injin a bayan ɗaki inda idonta ba ya kaiwa. Kowace safiya, ka dawo daga masallaci, ka naɗe hannun riga, ka juye bidon ruwa a ciki, ka yi wankin da kanka kafin ka tafi rumfa. Na yi na yi in karɓa, ka hana ni. Abin da kake cewa ke nan: "Uwata ce, ki bar mani ladata." Amma ka gargaɗe ni kada ta sani. Kai ne ɗan farinta, ko sunanka ba ta taɓa faɗa ba, "yaron nan" take ce maka har furfura ta fito maka a gemu. Da ta ji kai ke taɓa zannuwanta, da kunya ta riga ciwon kashe ta. Saboda haka ni ke shiga da su a ninke, ni ke karɓar "Allah shi maki albarka, Amarya." Shekara da shekaru ina cin godiyar aikin da ba ni na yi ba, kai kuma kana tsakar gida kana shan kokonka.

Ban taɓa ganin namiji irinka ba, Baban Ummi. Ban faɗa maka da baki ba, don mu ba mu saba ba, amma ina faɗa yanzu.

Akwai wani abu da kake yi wanda nake maka tsiya a kansa. Duk zanen da ka ɗauka, sai ka bi kusurwoyinsa da yatsa ɗaya bayan ɗaya kafin ka jefa shi cikin ruwa. Na ce maka kamar mai sayen atamfa a kasuwar Gazawa, ka ce, "Ai sai an gaisa da zane kafin a jiƙa shi." Na ɗauka irin barkwancinka ne, na wuce wurin tukunyata.

Da Allah Ya karɓe ka, aikin ya dawo hannuna. Injin ya yi mini biyayya na ɗan lokaci. Sai wata safiya, ina tsakiyar takaba, na zuba ruwa da garin sabulu, na murɗa maɓallin da ke ƙirga masa lokaci. Maɓallin yana ta ƙas-ƙas yadda ya saba, amma faifan da ke ƙasan kwanon wankin, wanda ke juya kaya, ya ɗan motsa kawai ya tsaya. Sai gurnani daga ciki, da wani ɗan ƙauri. Na yi maza na kashe, don na sha jin kana yi wa masu injin niƙa faɗa cewa moter da ke gurnani ba ya juyawa ƙonewa yake shirin yi.

Ƙaninka Idi ya zo, ya tsaya a zaure muka yi magana. Ya ce a jira a samu motar da za ta kai shi Maraɗi, mai gyaran can kuma sai ya ga dama. Ko kuwa a kawo wani ya duba a gida. Ni ina takaba, ga kuma larurar Inna a shanye bisa igiya, wane baƙon namiji zan bari ya shigo mini bayan ɗaki? Na ce a bari tukuna. Na jawo baho na koma wankin hannu, wallahi ban ji komai a raina ba, kafin inji ai da hannu muka tashi.

Amma ka san kunnen Inna. Ƙarar injin ta ɗauke, ƙarar cuɗa ta maye gurbinta. Ina ba ta abinci tana kallon yatsuna da sabulu ya cinye. Ta fara mayar da rabin furarta. Daga nan ta koma kurɓar ruwa sau ɗaya ta kau da kai. In na matsa mata sai ta ce, "Ba ni jin ƙishi, Amarya." A bazarar Gazawa, lokacin da ko akuya ba ta barin gindin randa!

Na daɗe ban gane ba, sai da na lura wankin yana raguwa. Inna ta yi lissafinta ita kaɗai: in ba ta sha ba, ba za ta ɓata zane ba. Leɓenta ya tsage, idonta ya faɗa, magana ta fara yi mata nauyi. Malamar asibiti ta zo ta duba ta, ta ce babu maganin da za ta rubuta, ruwa ne kawai, in kuwa aka ci gaba haka ba ta ɗaukar alkawarin komai. Bayan ta fita na durƙusa da moɗa ina roƙo. Inna ta juya fuska bango ta ce, "Wanda ɗawainiyata ta hau kanshi ya tahi. Ba ni ƙara maki wata."

Ranar na ji haushinka, gaskiya zan faɗa maka. Ka tafi ka bar ni da tsohuwa mai taurin kai irin naka, da inji mai taurin kai irin naka. Na yi kukana ya ishe ni, na share fuska, na jawo akwatin kayan aikinka daga ƙarƙashin gado. Tun rasuwarka ba wanda ya buɗe shi. Warin baƙin mai ya buge ni kamar ka shigo ɗakin.

Ban san gyara ba, amma na san ka. Na zauna kusa da kai kana aiki a tsakar gida ina tsintar wake fiye da yadda zan iya tunawa, ashe kunnena yana ajiya. Kullum in aka kawo maka inji da gaggawa kana cewa, "Tsaya mu ji abin da shike cewa tukuna." Sai na fara da abu mai sauƙi. Na yi zaton kuran, wato wutar lantarki, ya yi rauni, don da bazara kowa ya kunna fanka. Na gwada ɗaya kwanon, mai matse ruwa, ya juya fes da ƙarfinsa. To, ba wuta ba ce.

Na zare wayarsa daga bango, na tsiyaye ruwan, na kwashe kayan. Na sa hannu na gwada juya faifan, ya ƙi ko motsi. Na juya injin, na ɗauki turnabis ɗinka na kwance kusa, mai jan hannu, na kwance murfin baya, ina jera kusoshin a murfin kwano bi da bi yadda kake yi, don kowace ta koma raminta. Na ga ɗan gwangwanin nan da ka taɓa ce wa Idi kada ya taɓa, wai yana riƙe wuta ko an cire waya. Na gaishe shi daga nesa na bar shi.

Bel ɗin roba da ke haɗa moter da babbar ƙafar da ke juya faifan yana nan lafiya, bai tsinke ba, bai zame ba. Na murza shi a hankali har ya sauka. Na taɓa moter da yatsa, ya juya sumul. Na taɓa babbar ƙafar, tana nan daram. Wallahi a nan na ji wani sanyi a raina, don ko ni na gane: zuciyar injin lafiya take, wani abu ne ya maƙale faifan daga sama.

Kusar da ke tsakiyar faifan ta ba ni wuya, sabulu ya kama ta. Na zuba ruwan zafi, na jira, na danna da dukkan nauyina har ta saki. Faifan ma ya ƙi tasowa. Na zura igiya ta ƙarƙashin gefensa nan da can, na yi bisimilla na ja. Ya fito da ƙarfi har na zauna a ƙasa, Allah Ya so babu mai kallo.

Ka san abin da na tarar a ƙarƙashi? Zare ya naɗe sandar, yashin ruwan bido ya taru, sannan ga ƙwallayen dabino. Cike da tafin hannuna. Ɗaya ya shige tsakanin faifan da jikin kwanon ya kafe kamar da guduma aka buga shi.

Na zauna ina kallonsu, na gane su. Dabinon sadakarka ne. Inna ta ce kada a zubar da ƙwallayen, a tara mata, ban tambayi dalili ba. Hannunta na dama ya mutu, carbi yana zame mata a na hagu. Ashe da su take ƙirga maka Ƙulhuwallahu, tana tura su ɗaya-ɗaya a kan tabarma, in ta gama ta ƙulle su a bakin zane da haƙori. Matar da ba ta yi hawaye ko ɗigo gaban masu gaisuwa ba, wai don kai ɗan fari ne. Ni kuma ina kwasar zanen da ƙullinsa ina jefawa a inji, ruwa yana kwance shi. Addu'ar da uwarka ke yi maka ce ta tsayar da injinka, ka ji.

Sai a lokacin na fahimci gaisuwar da kake yi da zane. Inna mutumiyar Gangara ce, duk dukiyarta a bakin zane take: ɓarin goro, 'yar kanwa, tsinken sakace. Kai kana kwance su ka ajiye gefe, in wankakke ya bushe ka mayar ka ƙulle. Shi ya sa ba ta taɓa cigiyar komai ba. Ni da ke kai mata zanen ina ganin ƙullin, ban taɓa tambayar kaina daga ina ya fito ba.

Na wanke wurin tas, na mayar da faifai, na ɗora bel, kusoshi suka ƙare daidai babu saura. Na zuba ruwa na murɗa maɓalli. Ya juya dama, ya tsaya, ya juya hagu, da wannan ƙarar tasa da ta cika gidan kamar dā.

Na wanke ƙwallayen, na ƙulle su a bakin wankakken zane, na kai mata. Ta riga ta ji ƙarar, idonta a buɗe. Ta laluba ƙullin da hannun hagu, ta ja, ya ƙi. Ta ce, "Wannan naki ne. Na yaron nan, da hannu guda nike kwance shi."

Na rasa inda zan sa idona. Ta ce, "Ke kina tsammani ban sani ba? Mace ba ta irin wancan ƙulli." Tun farko ta sani, Baban Ummi. Kai kana ɓoye mata don kada ta ji kunya, ita tana ɓoye maka don kada ka ji, ni ce kawai a tsakiya nake ganin ina riƙe da asiri.

Ta daɗe tana sauraron injin yana juyawa a bayan ɗaki. Sannan ta ce, "Miƙo mani moɗar nan." Na tallafe kanta, ta sha har ruwa yana bin haɓarta. Ta numfasa ta ce in ƙaro.

Yanzu kowace safiya ina gaisawa da zane kafin in jiƙa shi. Ƙullin naka ma na same shi, irinsa ne a igiyar da ka ɗaure jakar kusoshinka, na kwance na ɗaure har hannuna ya iya. Inna ta ce ya kusa, bai kai ba. Sunanka kuwa har yau ba ta faɗa ba, kada ka sa rai.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanka da ya rufa wa mahaifiyarsa asiri, Ka rufa masa nasa ranar da babu mai rufawa sai Kai. Ka wanke shi daga zunubi, Ka shayar da shi daga tafkin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ka kai masa kowace Ƙulhuwallahu da tsohuwarsa ta tura a kan tabarma. Ka ba ni lafiyar da zan riƙe ta yadda ya riƙe ta, har ranar da za Ka haɗa mu. Amin.

Ka huta lafiya. Randar ɗakin Inna ta kusa ƙarewa, bari in je in cika.

Matarka,
Maman Ummi
Gazawa